Naira 350,000 ce a hannuna, kyamara zan saya ko in fara da waya?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema. Shekara 2 ke nan ina tara ɗan abin da nake samu a teburin gyaran waya, yanzu ya kai Naira 350,000. Burina in fara harkar fim, gajeru dai tukuna da za mu riƙa sakawa a YouTube. Mu huɗu ne da abokaina, kuma muna da labari. Wani ya kawo mini kyamarar Canon ta hannu, ya ce idan na ɗan ƙara zai sallama. Wani kuma ya ce wayata ma ta ishe ni. Ban taɓa taka lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ba, iyakar sanina abin da nake kallo a bidiyoyin Turawa, su kuma kayan da suke nunawa kuɗinsu ya sayi fili a unguwarmu. Ta ina zan faro?

Abba_Kyamara:
Wa'alaikumus salam. Sayi kyamarar kawai ɗan'uwa. Ka kira mutum wasa ya zo ya tarar da kai riƙe da waya, wallahi raina ka zai yi. Harkar nan da kwarjini ake yin ta.

Malam_Sauti:
@Abba_Kyamara kwarjini ba ya fitowa a allo.

Ɗan_Kurna ƙanina, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Shekara 11 na yi ina ɗaga sandar makirufo a lokeshan har kafaɗata ta saba. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da ya ji magana tana fitowa kamar daga cikin rijiya, ko ƙarar inji ta danne ta, ya wuce ke nan. Shi makirufon da ke jikin kyamara, ko ta miliyan nawa ce, abin da ya fi kusa da shi yake kwasa: numfashinka kai mai ɗauka, da iska, da motsin yatsunka. Jarumin da ke can taku biyar sai abin da ya rage.

Ga abin da za ka gwada yau ba ka kashe ko sisi ba. Ari waya ta biyu, kunna rikoda, sa ta a aljihun gaban rigar mai magana, bakin makirufon yana kallon sama. Idan kyamara da rikoda duk sun fara aiki, wani ya shiga gaban kyamara ya tafa sau ɗaya da ƙarfi. Wurin haɗawa za ka ga tafin ya yi tsini a layin sauti na kowannensu, sai ka jera tsinin nan biyu daidai, baki da murya sun haɗu ke nan. Allon nan da kake gani ana bugawa kafin darakta ya ce akshin aikinsa ke nan, sai kuma lambar sin, wato fitowa ɗaya a cikin fim, da ake rubutawa a jiki. In za ka taɓa kuɗin, fara da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, da abin sawa a kunne don ka riƙa jin abin da ke shiga tun kuna wurin.

Hajiya_Edita:
Allah ya saka da alheri Malam. Mu masu haɗa fim mu ne jujin da kowa ke zubar da sharar lokeshan, a ce "a gyara a editin". To ba komai ke gyaruwa ba. Kashe fanka, cire firji daga wuta, a kai janareta nesa a ja dogon waya. Kuma a kiyayi sabuwar shadda! An taɓa kawo mini sin na uba yana yi wa ɗansa faɗa, an maƙala masa makirufo a kan shadda fil daga wurin bugu. Duk ɗaga hannun da ya yi sai ka ji kamar ana yaga buhun siminti. Dole aka sake kiran dattijon ya zo situdiyo ya maimaita maganar yana kallon bakinsa a allo, kuma ba ta zauna kamar ta farko ba.

Sannan idan kun gama sin, kowa ya yi shiru a ɗauki shirun ɗakin na minti 1.

Ummu_Hanan:
Anti ban gane ba, a ɗauki shiru kuma? Me za a yi da shi?

Hajiya_Edita:
@Ummu_Hanan 'yar'uwa, babu ɗakin da yake shiru tsit. Akwai ɗan kukan gari, tsuntsaye, mota daga nesa. Idan na yanke tari ko na haɗa maganar da aka ɗauka sau biyu, wurin yankan sai ya zama rami, kunne ya ji an ɗauke komai ɗif. Da wancan shirun nake cike ramin.

Abba_Kyamara:
Duk na ji, amma tambayar mutumin kyamara ce, kun mayar da ita ajin sauti.

Kawu_Tsohon_Hannu:
Yaro bari in ba ka labari. Fim ɗin Hausa na bidiyo da ake lissafa shi a matsayin na farko a kasuwa shi ne Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa a nan Kano, 1990. Da kyamarar kaset aka yi shi, irin wadda ake ɗaukar biki da ita. Sunan Kannywood ma bai fito ba sai wajen ƙarshen shekarun 1990. Mu da muka shigo daga baya, da bidiyo biyu muke haɗa fim, ɗaya na kunnawa ɗaya na ɗauka, yatsa a kan maɓalli. Ka yi kuskure a tsakiya, sai ka koma baya, kuma duk kwafin da aka yi hoton ƙara dushewa yake. Wayar da ke aljihunka ta fi duk abin da muka taɓa riƙewa kyawun hoto, nesa ba kusa ba. Amma mutane sun yi ta hayar kaset ɗin nan suna kallo har ya tsinke, saboda suna son su ga yadda za ta kaya.

Ka ce kuna da labari. A kai yake ko a takarda? Idan a kai yake, ba ku da shi tukuna. Zauna ka rubuta: sin na ɗaya, ina ne, dare ne ko rana, wa ke ciki, me yake so, wa ya hana shi. A tsarin da aka saba rubutawa, shafi 1 yakan ba da kusan minti 1 a allo. Yi shafi 3, mutum biyu, gida ɗaya, yini ɗaya. Kada ka faro da zango na ɗaya kashi 13 alhali ba ka taɓa kammala minti 3 ba.

Ɗan_Kurna:
Kawu gaskiya a kai yake. Kuma wallahi mai dogon zango muka tsara, har da sarki da dawakai 🙈

Zee_Kaduna:
Dawakai! Allah ya ba da sa'a, kuɗin dusa kawai ya cinye Canon ɗin 😂

Matashi_2003:
Da girmamawa Kawu, zamani ya canza. Lokacinku mutane ba su da zaɓi. Yanzu wanda zai kalli fim ɗin Ɗan_Kurna yanzun nan ya gama kallon na Turkiyya ko na Indiya a waya ɗaya. Idan hoto bai yi kyau ba ko tsayawa ba zai yi ya ji labarin ba.

Kawu_Tsohon_Hannu:
Ban musa ba ɗana. Amma kyan hoton daga haske yake zuwa, kuma ga masu sanin haske nan za su faɗa maka.

Nura_Haske:
An kira ni na amsa. @Matashi_2003 ka ba wanda bai san haske ba kyamarar miliyan goma ya shiga ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya a tsakiyar silin, idanun 'yan wasa za su faɗa rami, goshi ya yi ta ƙyalli. A littafi fitila uku ake koyarwa: babba daga gefe ɗaya na gaba, ƙarama daga ɗaya gefen tana rage inuwa, ta uku daga baya tana raba mutum da bango. Kai da ba ka da ko ɗaya, taga ce babbar fitilarka. Zaunar da mutum taga tana gefen fuskarsa, kada ta kasance a bayansa, in ba haka ba sai ya koma inuwa. A ɗaya gefen wani ya riƙe farin kwali yana mayar masa da hasken. Ni na sha amfani da abin nan mai walƙiya da ake sa wa gilashin mota don rana.

A waje kuma, ranar tsaka maƙiyiyarka ce. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, nan hoto ke daɗi. Dole ce ta sa ku aiki da azahar? Ku shiga inuwar bishiya ko zaure.

Abin da Turawan YouTube ba za su gaya maka ba: baƙar fata cikin farar riga. Waya tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, fuska ta nutse. Ka danna kan fuskar a allon ka riƙe har ta kulle haske da saiti a wurin, sannan ka daidaita da yatsa. Mafi sauƙi ma, ka ce jarumin ya sako ruwan toka ko shuɗi mai haske, ya bar farar don Juma'a.

Zee_Kaduna:
Malam Nura ni matsalata daban. Idan na ɗauka a shago da dare sai in ga wasu layuka suna gudu a hoton, hasken yana kyaftawa. Wayar ce ta lalace?

Nura_Haske:
Lafiyarta ƙalau Hajiya. Wutar ƙasar nan 50 take bugawa a daƙiƙa, ta Amurka 60. Yawancin wayoyi kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutarsu. Mayar da taki 25 ko 50, idan kina da ikon saita shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga kowane hoto, ki sa 1/50. A iPhone akwai wurin da ake kunna tsarin PAL a saitin kyamara, 25 ɗin zai fito. A Android, idan manhajar da ta zo da wayar ba ta ba ki ba, gwada Open Camera, kyauta ce. Sai dai in ƙaramin janareta ne, shi ba ya tsayawa kan 50 daidai, yana hawa yana sauka. Nan sai fitila mai batir.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Mu ma kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, 50 ne, shawarar ta yi mini amfani. Amma Kawu, ka faro tarihi daga 1990 kamar kafin nan babu sinima a ƙasashenmu. Oumarou Ganda na Nijar soja ne da ya dawo daga yaƙin Indochine, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abidjan, can Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya sa shi a fim. Bai yi wata babbar lakwal ta sinima ba, a bakin aiki ya koya, kuma shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972. Yau akwai cibiyar al'adu da sunansa a Yamai. Ga Moustapha Alassane da ya yi fim na zane mai motsi tun shekarun 1960. Ni dai da salula nake aikina, montaj ɗin ma, wato haɗa fim, a cikinta.

Kawu_Tsohon_Hannu:
Ka yi gaskiya malam, na bidiyo na ce. In sinima ce, ko a nan Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Waɗancan da fim na majigi suka yi aiki, kowane taku na fim kuɗi ne, shi ya sa ba sa kunna kyamara sai sun yi gwaji sun ƙoshi. Yanzu da ɗauka ta zama kyauta sai a yi ta ɗauka sau 20 ba a san me ake nema ba.

Mai_Bidiyon_Biki:
Ku bar ni in tsaya wa Abba kaɗan, kun yi masa taron dangi. Ni da wannan sana'ar nake ci da iyali, kuma waya ba ta yi mini. Ka tsaya a filin ɗaurin aure a watan Afrilu, minti kaɗan ta yi zafi ta rufe kyamara da kanta. Ga kira ya shigo tsakiyar ɗauka in ka manta ba ka sa ta a yanayin jirgi ba. Ga zuƙowa: in ka ja hoto da yatsa a waya fashewa yake, ita kuwa kyamara idonta ne ke matsowa. Kuma uwar amarya ba za ta biya ka kuɗin kirki ba tana ganin ka da irin wayar 'yarta. Idan Ɗan_Kurna yana so kayan su riƙa mayar da kuɗinsu ranar Asabar da Lahadi, kyamara ce.

Amma ko me ka saya, ka ji wannan. Na taɓa ɗaukar kamu tun daga la'asar har dare, na dawo a gajiye na ce da safe na juye. Da safe yarona ya ɗauki kyamarar zai tafi wani suna, ya ga katin ya cika, ya goge shi tas ya ɗora sabon aiki a kai. Na zauna a bakin gado na rasa abin da ke mini daɗi. Da ƙafata na je gidan na durƙusa gaban mahaifiyar amarya, ta dube ni ta ce, "To Malam, sake kamun za mu yi?" Na mayar da kuɗi, na bi ƙawaye ina roƙon abin da suka ɗauka a wayoyinsu na harhaɗa musu. Tun ranar ba na kwanciya sai aiki ya shiga wuri biyu, kwamfuta da hadis na waje.

Hajiya_Edita:
Innalillahi. Jikina har ya yi sanyi.

Abba_Kyamara:
Yauwa, ga wanda ya san abin da ake ciki. Na gode Yaya.

Malam_Sauti:
Shi biki yake ɗauka, abu ne da ba a cewa a sake. Ɗan_Kurna fim zai yi, yana da ikon cewa kat, wayar ta huce, a ci gaba. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya_Edita:
Tunda an dawo kan fim, ga roƙona a madadin duk editoci. Kada ku kafa kyamara wuri ɗaya ku ɗauki sin daga farko har ƙarshe kamar wasan daɓe. Ku ɗauka daga nesa a ga wurin da kowa, ku sake daga ƙugu zuwa sama, sannan kulozof, wato fuska daga kusa, na kowane mai magana. Ku ƙara da ƙananan abubuwa: hannu yana juya shayi, carbi, ƙofa tana rufuwa. Da su nake ɓoye yanka. A bar daƙiƙa 3 kafin akshin da bayan kat. A kwantar da waya in YouTube za a kai, a tsaye sai na TikTok. A goge idon kyamara da gefen riga, rabin hazon da nake gani a bidiyon mutane maiƙon yatsa ne, ba hunturu ba. Kuma a saitin girman hoto 1080 ya ishe ku, 4K cika muku waya kawai zai yi.

Sai dokar igiya. Mutum biyu suna fuskantar juna, ka ɗauka an ɗaura igiya daga hancin wannan zuwa na wancan. Kyamara ta zaɓi gefe ɗaya na igiyar ta zauna a nan har a gama sin. Ka tsallaka, to wurin haɗawa za a ga duk su biyun suna kallon gefe guda, kamar kowa da bango yake magana. A littafi dokar digiri 180 ake ce mata.

Sani_Kwantiniti:
A ƙara da nawa aikin da ba wanda ke ganin sa sai an yi kuskure. Mun taɓa fara sin da safe, aka tashi sallah da cin abinci, jarumi ya dawo da hular abokinsa. Babu wanda ya lura. A fim sai ga shi ya yi sallama da zanna bukar, ya zauna da damanga, ya miƙe da zanna bukar. Har yau in an haɗu ana tsokanarsa. Ɗauki hoton kowa da waya kafin a tashi: ɗaurin ɗankwali, agogo a wane hannu, shayi ya kai ina a kofi.

Abu_Maryam:
Ni dai nasiha zan yi. Duk wannan ilimi ne mai kyau, amma a duba me za a nuna. Yaranmu ke kallo.

Kawu_Tsohon_Hannu:
Nasiha ta karɓu Malam. Kuma ko don kansa ya kamata ya sani, a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, ya je ofishinsu ya ji ƙa'idar rajista da ta kai aiki a duba kafin ya saki wani abu, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta. Akwai kuma ƙungiyar MOPPAN ta masu sana'ar. In za ku ɗauka a layi, ku fara gaida mai unguwa. Kada ku haska ƙofar gidan mutane ko matan da ke wucewa ba izini. Ku kuma tanadi mutum ɗaya wanda aikinsa kawai lallashin yara, don da kun kafa kyamara unguwa za ta taru.

Matashi_2003:
Kuma kada ka ɗora waƙar wani a kai. YouTube na gane ta da kansa, ko a toshe bidiyon ko kuɗin tallan ya tafi wurin mai waƙar. Akwai kiɗa na kyauta a ɗakin sautinsu. Batun kuɗi ma kada ka sa rai da wuri, kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12.

Ummu_Hanan:
To wai babu makarantar da ake koyon abin nan ne? Ni ma ina sha'awa amma a gida ba za a bar ni yawon lokeshan ba.

Kawu_Jos:
Akwai 'yata. A nan Jos akwai National Film Institute, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979, hedikwatarta ma a nan take. Jami'o'i da dama kuma suna da sashen wasan kwaikwayo ko aikin jarida. Amma haɗa fim da rubutun labari daga ɗaki ma ana koyonsu.

Hajiya_Edita:
Ni shaida ce, a ɗakina na koya da goyo a baya. Fara da manhajar haɗa bidiyo ta CapCut a waya. In kin samu kwamfuta mai ɗan ƙarfi, DaVinci Resolve yana da na kyauta, kuma ƙwararru ma suna aiki da shi. Ki yi mini magana ta gefe in turo miki ɗanyen sin ki gwada yankawa.

Mai_Bidiyon_Biki:
@Ɗan_Kurna in ka ƙi ji sai Canon ɗin, to ka duba kafin ka biya. Haska tocila cikin idon ka ga ko akwai abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce. Ɗauki bidiyo da murfi a rufe ka duba ko akwai ɗigon ja ko fari da ba ya motsi. Tambayi batir nawa ne. Irin su 600D da 700D suna da ramin makirufo amma ba su da na abin kunne, kuma ba sa wuce minti 29 da daƙiƙa 59 a ɗauka ɗaya. Sannan ka lissafa ƙafar kafawa, kati, batir na biyu, da kwamfutar da za ka juye. Kuɗinka ba zai kai ba.

Nura_Haske:
Ko ya bi ta tsakiya. Ya yi gajeru biyu ko uku da waya, in hannu ya faɗa ya zagaya wajen titin Gidan Zoo ya yi hayar kyamara ta yini ɗaya da mai ita.

Abba_Kyamara:
Haya kuɗin da ba ya dawowa ne. Ni dai na faɗi tawa.

Ɗan_Kurna:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar mun gwada a zauren gidanmu. Na rubuta shafi 2, ƙanina ya riƙe kwalin firji da muka manna wa farar takarda, wayar abokina a aljihu, muka tafa. Wallahi da na jera tsinin nan na ji murya ta fito tas sai da na yi ihu. Amma na tsallaka igiyar Anti sau ɗaya, kuma injin niƙan maƙwabta ya tashi ana tsakiyar rigima a sin ɗin, muka jira shi har hasken ya gudu. Na turo a nan ku gani. Mai Canon kuma ya kira, wai akwai wanda zai biya ranar Juma'a in ban shirya ba. Har yanzu raina yana kanta, ba zan ɓoye ba.

Zee_Kaduna:
Kullum akwai "wanda zai biya ranar Juma'a" 😂 Kai da ke kasuwar waya ai ka fi mu sanin wannan.

Hajiya_Edita:
Sake turowa a matsayin fayil, WhatsApp ya matse shi duk ya dagule. Amma yankan da ka yi daga fuskar yayan zuwa hannun ƙanin yana murza hula ya yi, wa ya koya maka?

Abba_Kyamara:
Ba laifi. Da da Canon ne bayan nan zai narke, fuskar ta fito ita kaɗai.

Malam_Sauti:
Na saurara da abin kunne sau biyu. Muryar yayan ta fito, ta ƙanin tana nesa don aljihu ɗaya kuka sa wa waya. Sannan zakaran nan da ya yi cara a daƙiƙa ta 40, a cikin labarin yake ko na maƙwabta ne?